Idan an dawo ana bin ka bashin da ya riga ya ƙare: abin da ya kamata ku sani

A Indabo da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Wudil, akasarin bashi da baki ake ƙulla shi. Manomi ya karɓi taki da damina a kan zai biya da buhun gero ko dawa idan kaka ta yi. Mai kiwo ya ɗauki maraƙi a karar Wudil ranar Juma'a, ya ba da rabin kuɗi, dillali ya tsaya masa a kan saura. Uwa ta karɓi kayan ɗakin 'yarta a hannun dillaliya, tana zubawa kaɗan-kaɗan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cin sa ba abin kunya ba ne. Tashin hankalin yana zuwa ne ranar da mutum ya sakankance cewa magana ta wuce, ya biya ko an yafe masa ko an yi sulhu, sai bayan shekara uku ko biyar wani ya yi sallama a ƙofar gida da tsohon littafi a hannu, ko kuwa a kira shi a waya da baƙuwar lamba a ce an ba shi zuwa gobe.

Kafin a yi gardamar ko nawa ne, tambayar da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce: ta wace hanya bashin nan ya ƙare, kuma wa zai shaida? Kariyarka duka a nan take. Akwai bashin da ya mutu murus, babu mai ikon tayar da shi. Akwai kuma wanda mutane ke zaton ya mutu alhali yana nan da ransa, kuma wannan kashi na biyu ya fi yawa a wajenmu.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila, wanda jarinsa ya karye yana iya zuwa kotu a ayyana shi a matsayin wanda ya kasa biyan bashi. A tattara abin da ya mallaka, a raba wa masu bin sa, sannan kotu ta sallame shi daga sauran. A Ingila sallamar tana zuwa ne bayan shekara guda a mafi yawan lokuta, tun daga 2004. A Amurka kuwa, dokar 1978 ta mayar da takardar sallamar tamkar umarnin hani: mai bin bashin da ya ci gaba da kira ko aika wasiƙa a kan abin da aka sallama, ana iya hukunta shi da laifin raina kotu. Duk da haka akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan a can, su sayi tsofaffin basussuka da araha, su dinga matsa wa mutane, da fatan wanda bai san haƙƙinsa ba zai tsorata ya biya.

Najeriya ma tana da irin wannan doka tun 1979, kuma sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai hurumin sauraron irin wannan shari'a. Ga mutumin Indabo, ke nan sai ya je wadda ke cikin birnin Kano, da lauya. Idan kotun ta sallami mutum, basussukan da ake bin sa kafin shari'ar sun faɗi, kuma takardar sallamar hujja ce da zai nuna a duk inda aka sake kai shi ƙara. Amma sallamar ba ta wanke bashin da aka ci ta hanyar zamba ko cin amana. Ba ta kuɓutar da wanda ya tsaya wa mutum ba, mai bin bashi na iya juyawa kansa. Wanda kuma yake riƙe da jingina yana nan da haƙƙinsa a kan abin da aka jinginar masa.

Gaskiyar magana, ba kasafai ɗan Najeriya ke bin wannan hanya ba. Tana da tsada, tana da jinkiri, ga kuma tabo, domin wanda aka ayyana kuma ba a sallame shi ba, tsarin mulki ya hana shi takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Don haka idan ɗan kasuwa ya ce ya karye, ko shagonsa ya rufe, wannan kaɗai bai sauke masa ko sisi ba a idon doka. Wasu kuma suna zaton rajistar sunan kasuwanci da suka yi a hukumar CAC ta raba aljihunsu da na shagon. Ba ta raba ba. Cikakken kamfani ne kawai ke ɗaukar bashinsa da kansa, shi ma idan mai shi ya sa hannu ya tsaya wa rancen, to ya dawo wuyansa.

Kotun da mutanenmu suka fi zuwa ita ce ta shari'ar Musulunci, inda alƙalai ke aiki da mazhabar Malikiyya da littattafai irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam. Fiƙihu yana da babi sukutum a kan wanda bashi ya cinye dukiyarsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina, Usaifi'u, mai sayen raƙuma da tsada a kan bashi don ya riga alhazai isa, har ya tsiyace. Sayyidina Umar ya yi shela cewa duk mai bin sa ya zo, za a raba abin da ya rage masa a tsakaninsu. Tsarin ke nan har yau. Alƙali zai hana mutum taɓa dukiyarsa, a bar masa suturarsa da abin da zai ci shi da iyalinsa na ɗan lokaci, a sayar da saura, kowa ya samu gwargwadon abin da yake bi. Wanda ya tarar da ainihin kayansa, misali san da ya sayar bashi yana nan a turke bai canza ba, shi ya fi cancanta da shi.

Inda shari'a ta sha bamban da dokar 1979 shi ne a kan ragowar. A shari'a ragowar ba ta faɗuwa, jinkiri ake yi wa mutum har Allah ya buɗa masa, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Sai dai jinkirin nan haƙƙi ne na wanda talaucinsa ya tabbata a gaban alƙali, ba alfarma ba ce. A wannan tsakani ba a tsare shi, kuma masu bin sa ba su da damar su zauna masa a ƙofar gida ko su dinga bin sa kasuwa-kasuwa suna tozarta shi. Wanda aka yi wa irin wannan hukunci ya karɓi kwafinsa mai hatimin kotu ya adana. Idan an dawo ana damun sa alhali halinsa bai canza ba, kotun da ta yi hukuncin zai koma.

Bashin da ya mutu da gaske a shari'a shi ne wanda aka biya, ko wanda mai shi ya yafe da bakinsa, yana cikin hankalinsa, ba tilas, wanda ake bi kuma ya karɓi yafiyar. Daga nan babu komawa. Ko sun ɓata daga baya, ko mai yafewar ya ga wancan ya yi arziki ya sayi mota, ba shi da ikon cewa ya janye. Idan an yafe wa wanda ya ci bashin, wanda ya tsaya masa shi ma ya fita. Haka sulhu: idan ana bin mutum naira dubu 500 aka zauna gaban dagaci ko ofishin Hisba aka amince ya ba da dubu 300 a rufe magana, ya kuma bayar, to dubu 200 ɗin nan sun tafi.

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa a kotu ba tare da sun san dalili ba, kuma ina ganin ya kamata a riƙa bayyana wannan a masallatai da majalisu. Ƙa'ida ita ce mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Mutum sai ya shiga kotu da ƙarfin gwiwa, yana ganin ai shi aka kawo ƙara, wancan ne zai sha wahalar kawo hujja. Alƙali ya tambaye shi, sai ya ce, "Allah ya gafarta malam, na karɓa, amma na biya," ko "ya yafe mini." Da wannan kalma ya riga ya amsa asalin bashin, kuma ya koma shi ne mai da'awar biya. Yanzu shi za a ce ya kawo shaidu. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. Idan ba shi da ko ɗaya, mai bin sa zai rantse cewa bai karɓa ba kuma bai yafe ba, a yanke masa hukuncin ya sake biya. Maganin wannan ba ƙarya ba ce, kada wani ya fahimci cewa ana nufin ya musa abin da ya san ya karɓa. Maganin shi ne ranar da za a rufe bashi a yi ta da shaidu kamar ranar da aka ƙulla shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, mu kuwa mun fi sakaci a wajen rubuta ƙarshensa.

Sau da yawa ma ba mai bashin ne ke dawowa ba, magadansa ne. Attajiri ya yafe wa abokin cinikinsa a zaure su biyu, bai soke sunan a littafi ba, ya rasu. 'Ya'ya suka buɗe littafi wajen rabon gado suka ga suna da lamba. Ba zalunci suka yi niyya ba, dukiyar marayu suke tattarawa, kuma abin da suka gani a rubuce shi za su bi. Idan kuwa wanda ake bi ne ya rasu, bashi daga cikin abin da ya bari ake fitar da shi kafin wasiyya da gado. Idan dukiyar ba ta kai ba, ba a tilasta wa ɗa ko mata su biya daga aljihunsu, sai wanda ya ɗauka don ransa ko wanda dama ya tsaya wa mamacin.

Sai bashin da ake zaton ya mutu. Mafi girmansa a karkarar Kano shi ne na gwamnati. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamba 2015, ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya ta hannun Babban Bankin Najeriya. Haka rancen korona da bankin NIRSAL ya bayar daga 2020. Manoma da ƙananan 'yan kasuwa da yawa sun karɓa da tunanin rabonsu ne na arzikin ƙasa, jita-jita kuma ta yi ta yawo cewa an yafe. Ko da an dakatar da shiri, dakatarwa daban, yafe bashin da aka riga aka ci daban. Duk wanda ba shi da takarda daga bankin da ya ba shi rancen, ya ɗauka ana bin sa.

Haka idan ma'aikacin banki ya ce an cire bashinka daga lissafi. Wannan gyaran littafin banki ne na cikin gida, suna nuna cewa ba su sa ran kuɗin a bana. Haƙƙinsu na bin ka yana nan, kuma suna iya miƙa shi ga kamfanin karɓar bashi. Manyan basussuka ma hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010, ta saye su daga bankuna tana bi.

Daɗewa kuma tana da nata hukunci. A kotunan dokar zamani akwai wa'adin shigar da ƙara a kan bashi na yarjejeniya, shekara shida a jihohi irin su Legas, biyar a wasu. Idan ya wuce, kotu ba za ta saurari mai bi ba. Amma idan wanda ake bi ya sa hannu a takarda yana amsa bashin, ko ya biya wani ɓangare, lissafin wa'adin na iya komawa farko. Wannan ne ya sa masu karɓar bashi ke cewa, "Kawo ko dubu biyar ce, mu nuna wa oga ka motsa." A kotun shari'ar Musulunci kuwa, tsufan bashi shi kaɗai ba ya kashe shi.

To, an zo ko an kira, me za ka yi? Kada ka yi zagi, kada ka gudu, kada kuma ka ba da ko naira ɗaya don a rabu lafiya kafin ka tabbatar. Ɗan abin da ka bayar don kunya shi za a ɗaga gobe a ce ai ka amsa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba ta bakin wanda ka yarda da shi. Ka tambayi mai magana sunansa, da wanda ya aiko shi, da takardar da ta ba shi izini, da asalin kuɗin, da ranar da aka ci, da lissafin abin da aka riga aka biya. Ka ce a kawo maka a rubuce. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ɗan damfara kuwa, wanda ya samo sunanka a wani tsohon jerin masu rance, da wuya ya sake kira, musamman idan ka ƙi tura kuɗi asusun wani mutum ka ce sai na bankin. Lambar sirrin katinka da lambar da ake turowa a waya, babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nema.

Sannan ka mayar da amsa sau ɗaya a rubuce: bashin nan ya ƙare ranar kaza, ta hanya kaza, ga hoton shaida, duk mai ja ya je kotu. Hoto ko kwafi za ka bayar, ainihin takardar ta zauna a gida. Saƙonnin barazana kada ka goge su.

Barazanar da ta fi razana mutanenmu ita ce ta 'yan sanda, kuma a nan doka a fili take. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani, wato ba a ɗaukar mata ko ƙane don maigida ya fito. A 2018, a shari'ar bankin Diamond da Opara, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa hukumar EFCC ba wajen karɓar wa mutane bashi ba ce. Abin da masu ƙara ke yi shi ne su sauya wa bashin riga, su rubuta shi a matsayin cin amana ko zamba. Idan an gayyace ka, ka je, da takardunka da wani babba ko lauya, ka bayyana cewa ciniki ne. Ka yi hattara da takardar alƙawarin biya da ake miƙo wa mutum a caji ofis a ce ya sa hannu a sake shi, domin da ita ake raya mataccen bashi. Wanda aka tsare a kan bashi zalla yana iya kai ƙarar take haƙƙinsa Babbar Kotu, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofis a Kano don marasa ƙarfi. Sai dai wanda ya ba da cek na bogi ko ya karɓi kuɗi da yaudara, nasa laifi ne, wannan kariya ba ta rufe shi ba.

Kwashe kaya ma haka. Ba a shiga gidan mutum a kwance masa akuya ko a ɗauke babur saboda ana bin sa. Wannan aikin ma'aikatan kotu ne, bayan hukunci, da takarda a hannu. Abin da aka jinginar ko abin hawan da ake biya kashi-kashi, hukuncinsa yana bin abin da aka rubuta a yarjejeniya.

Banki kuwa ba ya buƙatar zuwa ƙofar gida. Tun 1 ga Agusta 2020, tsarin GSI na Babban Banki ya ba mai ba da rance damar cire kuɗinsa daga duk wani asusun da ke haɗe da lambar BVN ɗinka a kowane banki, idan ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rancen. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai aka yarda a cire ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Idan an cire maka a kan rancen da ka gama biya, ka rubuta ƙorafi ga bankin, ka karɓi lambar ƙorafin. Idan mako biyu ya wuce, ko kwana 30 a wasu lamuran rance, ba su warware ba, ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Duk wanda ya kammala biyan rancen banki, ya nemi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai kafin ya bar wajen. Ya kuma sani cewa wata doka ta 2017 ta ba shi damar duba rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara a kamfanonin da ke ajiye shi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ya nemi a gyara idan har yanzu ana nuna shi a cikin waɗanda suka ƙi biya.

Masu ba da rance ta manhajar waya su ne suka fi cin zarafi, kuma matasa da ɗalibai a Wudil sun san su. Mutum ya biya, a ce bai shiga ba, a tura wa surukansa da malamansa saƙo ana kiran sa ɓarawo. Wannan haramun ne ko da ana bin sa da gaske. A Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin haka, a Maris 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, daga ƙarshen Mayu 2023 kuma Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Ana kai ƙorafi FCCPC ko hukumar kare bayanan jama'a da dokar 2023 ta kafa, da hoton saƙonnin da shaidar biya.

Shaidar biyan ita ma a kula da ita. Idan ka tura kuɗi ta wajen mai POS, sunansa ne zai fito a wajen wanda ya karɓa, ba naka ba, kuma rubutun ɗan rasit ɗin yana gogewa cikin 'yan watanni. Ka ɗauki hotonsa nan take, ka sa wanda ka biya ya turo maka saƙo cewa ya gani. Idan bashin na hannu da hannu ne, takarda guda ta isa, da boko ko da ajami: sunan mai bi da wanda ake bi, asalin kuɗin, abin da aka biya, a rubuta ƙarara cewa an yafe saura ko babu saura, kwanan wata, sa hannun shaidu biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Idan an jinginar da gona, a rubuta cewa ta koma hannun mai ita, a sanar da mai unguwa. Sannan a roƙi mai bashin ya ɗauko littafinsa ya soke sunan a gaban kowa, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa.